Jikin Da Zai Kai Ka Horeb

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-18
Ayar haddacewa: 3 Yahaya 2

Yau da furta laifina zan fara.

Wata shekara, ran Lahadin da muka rufe azumin kwana 21 na watan Janairu, wata 'yar'uwa ta fito ba da shaida. Tana aiki a wata masana'antar robobi a Sharada, sashen ɗaure kaya. Ta ce ta daɗe tana roƙon Allah ya rage mata jiki, ga shi kuwa ya ji kukanta: kilo tara sun zube, rigar da ta ƙi shigarta shekara biyu yau ita ce a jikinta. Ikkilisiya ta ɗauki tafi, mai ganga ya buga, ni ma na ɗaga murya na ce Halleluya. Ba wanda ya tambaye ta me ya sa ba ta rabuwa da gorar ruwa, ko sau nawa take tashi fitsari kafin gari ya waye. Azumi ya wuce, ta koma cin abinci, rama ba ta tsaya ba. Cikin watan Maris ta yanke jiki ta faɗi a bakin aiki. Da aka kai ta asibiti aka auna jininta, sai aka ce ciwon sukari ne, ya jima yana cinta a ɓoye. Ashe alamar ciwo muka yi wa tafi.

Tana nan da ranta, godiya ga Allah, tana shan magani, ita ce ma ta ce in ba da labarin. Amma tun daga ranar, idan wani ya ce mini ya rame ko ya yi ƙiba, ba na gaggawar cewa Amin. Sai na tambaye shi yadda yake barci, yadda numfashinsa yake idan ya hau bene, da ranar da aka auna jininsa na ƙarshe.

Mu da muke neman abinci a Sharada da Challawa da Bompai, da sikeli muke wuni. Tirela ba ta fita ƙofar kamfani sai an auna ta. Buhu ana auna shi, fata ana auna ta, ƙwayar roba ana auna ta kafin a zuba a inji. Don haka mun fi kowa sanin iyakar sikeli. Ɗan'uwan da ke aikin jima a Challawa ya san jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya nauyi, amma nauyin bai ce komai a kan kyanta ba. Wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san buhun masarar da ba ta gama bushewa ba ya fi nauyi, kuma shi ne zai fara ruɓewa a ɗaki. Kaya muna buɗe su mu duba ciki. Jikinmu kaɗai muke hawa da shi kan sikelin yaron nan na bakin titi, mu biya kuɗi, mu karanta lamba, mu sauko ko da murna ko da ɓacin rai, kamar an karanta mana hukunci.

A ikkilisiyarmu kashi biyu ne. Akwai masu neman su rame. Su ne ke sayen shayin rage tumbi da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp. Da yawa daga cikin irin wannan shayi, abin da ke cikinsa mai sa gudawa ne, dangin filaskon da kakanninmu suka sani. Mutum ya wuni yana zarya bayan gida, ruwan jikinsa ya tsiyaye, sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, kitse kuwa yana nan inda yake. A zafin Afrilu na Kano, ga wanda ke tsaye awa goma sha biyu kusa da injin narka roba, wannan wasa da ƙoda ne.

Akwai kuma masu neman su yi ƙiba, domin a garin nan ramamme ana yi masa kallon wanda wahala ta ci. Budurwa idan aure ya matso, ko matar da dangin miji suka fara cewa ba ta samun kulawa, sai a nufi kemis a sayo ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Ɗaya daga cikin abin da ake sayarwa da wannan suna shi ne Dexamethasone, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka, da ƙa'ida da lissafin kwanaki. Wanda ya mai da shi abincin kullum, fuskarsa za ta cika, a ce ya yi kyau. A ciki kuwa sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana laushi, garkuwar jiki tana raunana. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta yanke shi dare ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ta je wurin likita ya janye mata shi a hankali.

Da mai neman rama da mai neman ƙiba, idon mutane suke yi wa hidima. Ku tuna annabi Sama'ila a gidan Yesse. Da ya ga tsawon Eliyab da cikar halittarsa, ya riga ya naɗa shi sarki a zuciyarsa, sai da Ubangiji ya tsawata masa (1 Sama'ila 16:7). Idan annabi ya ruɗu da siffa, balle ni da kai.

Ko lissafin nan da ake yi a asibiti, na haɗa nauyi da tsawo, wanda ake kira BMI, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya fitar da shi a shekarun 1830. Shi ba likita ba ne, jama'a yake ƙididdigewa. Lissafin yana da amfaninsa, amma bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan dakon da ke lodin buhu a Bompai, jikinsa duk tsoka, lissafin zai iya cewa ya yi ƙiba. Magatakardan da ke zaune a ofis, siriri mai ɗan tumbi, lissafin ya wanke shi, alhali jininsa yana sama.

Yanzu mu buɗe karatunmu na yau.

Iliya ya fito daga babbar nasarar rayuwarsa. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. A ranar nan kuma ya ɗaure ɗamara ya yi gudu a gaban karusar Ahab har Yezreyel. Kafin ya huta, saƙon Yezebel ya iso cewa gobe war haka ransa ya ƙare. Ya sake ɗaukar hanya, tun daga arewacin ƙasar har Biyer-sheba can kudu. A nan ya bar baransa, ya nausa jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Ka dubi mutumin nan da kyau, ɗan'uwa, domin ka san shi. Ya yi aiki fiye da ƙarfinsa, bai yi barci ba, bai ci ba, tsoro ya cika shi, ya kuma rabu da mutum ɗayan da ke tare da shi. Shafaffe ne na Allah, wanda ya yi addu'a wuta ta sauko, amma shafewar ba ta hana jikinsa gajiya ba. Da jiki ya ƙare, zuciya ma ta bi shi.

Me Ubangiji ya yi? Da ni ne, da na ce masa ya tashi ya tsawata wa ruhun tsoro, ya shiga azumin kwana uku. Ubangiji bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ga gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta, ba a kuma hana shi ba. Mala'ikan ya sake dawowa, ya sake tashe shi ya ci. A karo na biyun ne ya faɗa masa dalili: akwai doguwar hanya a gabansa, wadda wannan jikin ba zai iya ba sai an ciyar da shi. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, dutsen Allah. Sai a can, a bakin kogo, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta, Allah ya yi masa magana a hankali, ya ba shi sabon aiki, ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Nassi bai gaya mana ko Iliya siriri ne ko kakkaura ba. Abin da sama ta damu da shi ɗaya ne: shin jikin nan zai kai Horeb? Kai ma kana da naka Horeb. Akwai yaran da za ka biya wa makaranta shekara goma sha biyar nan gaba. Akwai tsohuwa a ƙauye da ke jiran abin da za ka aika ƙarshen wata. Akwai kiran da Allah ya yi maka wanda ko rabinsa ba ka cika ba. Wannan ita ce tambayar da za ka riƙa yi wa jikinka.

Barci Allah ya fara ba Iliya, a nan kuma mu fastoci muke da laifi. Ɗan'uwa ya kwana a aikin dare ran Alhamis, ya ɗan kishingiɗa awa uku cikin zafi babu wuta, da yamma mu ce ya zo addu'ar dare har asuba, ran Asabar ya koma gaban inji. Idan ya yi gyangyaɗi a majami'a mu ce ruhun barci ne. Ba ruhu ba ne, mutum ne. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Wanda ya daɗe ba ya samu, jininsa kan hau, yunwarsa kan ƙaru, fushinsa kan kusanto, kuma hannun mai gyangyaɗi ne inji ya fi ci. Yesu da kansa, da ya ga almajiransa ba su da sukunin ko cin abinci saboda jama'a, ya janye su gefe su huta (Markus 6:31). Idan makonka na aikin dare ne, ka yi addu'arka a gida ka kwanta. Allah ba ya kiran suna daga rajista.

Sai tulun ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura 40 a ma'auni, cikin ɗakin inji kuwa ya fi haka. Da yawa ba sa shan ruwa don kada su yi ta neman izinin fita fitsari. Maimakon ruwa, sai lemon kwalba mai sanyi da abin sha mai ƙara kuzari. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi goma. Da yamma baya ya riƙe, sai a tsaya a kemis a ce a haɗa na ciwon jiki, a ba ka ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ba ka san sunan ko ɗaya ba. Irin su Diclofenac da Ibuprofen, idan aka mai da su na kullum a jikin da babu ruwa, ƙoda da ciki suke ci. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya ji kuɗin wanki ɗaya, ya san albashin ma'aikaci ba ya ɗaukar wannan ko na wata guda. Duba fitsarinka. Idan ya yi duhu kamar shayi, jikinka ruwa yake roƙo. Tramadol kuwa, da wasu samarinmu ke sha don su iya aiki biyu a jere, ba zan ɓoye muku ba, sarƙa ce. Wanda ya riga ya shiga, ya zo ya same ni a keɓe. Za mu yi addu'a, za mu kuma tafi asibiti tare.

Abincin da mala'ika ya kawo ba na fada ba ne, gurasa ce da ruwa. Na san abin da albashi ke iya saye a wannan zamani, ba zan tsaya a nan in ce ku ci abin da ba ku da shi ba. Amma abin da ke gina jiki yana cikin mafi araha a kasuwarmu: wake, gero, dawa, gyaɗa, awara, zogale, rama, alayyafo, kuka, kuɓewa. Garau-garau da wake mai yawa da ɗan ganye ya fi indomi biyu da lemo a teburin mai shayi, ya kuma fi riƙe ciki. Daniyel da abokansa sun bar abincin sarki kwana goma suna cin kayan lambu da ruwa, aka duba aka ga sun fi sauran samari kyan gani da cikar jiki (Daniyel 1:15). Ka lura, ba rama suka yi ba. Ba ma don siffa suka yi ba, don kada su ƙazantar da kansu ne.

Iyayenmu mata, ga taku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da indomi da dunƙule. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Idan an jefa huɗu a tukunya an kuma bi da gishiri, an zuba gishiri sau biyu ke nan. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta. Mako biyu ko uku harshen gidan zai saba, ko maigida ya yi ƙorafi a farko.

Zan ba ku labari na biyu, shi kuwa bai ƙare da daɗi ba. Wani dattijonmu, ma'aikacin jima a Challawa shekara da shekaru, dogo ne siriri, ko tumbi babu. Duk lokacin da 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya suka kawo abin awon jini majami'a, sai ya yi dariya ya ce wannan na masu ƙiba ne. Da aka matsa masa ya miƙa hannu, jininsa ya wuce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. Aka sa shi a kan magani. Bayan wata biyu muka yi taron farkawa, aka yi masa addu'a, ya ji jikinsa sakayau, ya koma gida ya zubar da maganin, ya ce shan sa rashin bangaskiya ne. Bai gaya wa kowa ba. Wata safiya ɓarin jikinsa ya shanye. Yau matarsa ce ke ɗaga shi, babban ɗansa ya bar makaranta ya shiga dako.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai iya yawo da shi shekaru ba ciwon kai, ba jiri, kuma bai san siriri ba bai san kakkaura ba. Na gaskata Yesu yana warkarwa yau kamar jiya, na gani da idona, ba kuma zan daina ɗora hannu a kan marasa lafiya ba. Amma ku ji ni da kyau. Da Yesu ya warkar da kutare goma, ya aike su wurin firistoci, waɗanda su ne masu duba irin wannan ciwo a zamanin, su tabbatar (Luka 17:14). Warkarwar Allah ba ta tsoron awo. Idan ka gaskata an taɓa ka, riƙe maganinka, koma wurin likita, a auna ka sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Idan ya ce ka ajiye, ka zo da takardar mu yi rawa tare. Bulus, wanda ko ƙyallen da ya taɓa jikinsa yana warkar da mutane, yana tafiya da Luka likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Ba wanda ya isa ya ce Bulus ba shi da bangaskiya.

Haka batun azumi. Azumi neman fuskar Allah ne. Wanda ya shiga kwana 21 idonsa yana kan sikeli, yunwa kawai ya sha. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, da wanda ke kan maganin kullum, ka yi magana da likita kafin ka fara, ka kuma zo mu duba irin azumin da zai dace da kai. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, ko da tari da ya wuce mako biyu, ko da zufar dare, ko da ƙishirwa marar ƙarewa, asibiti zai fara zuwa kafin ya fito ba da shaida. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Kada wani ya ce Fasto ya ce ƙiba ba komai. Kitsen da ya taru a ciki yana jawo sukari da hawan jini, yana kuma cin gwiwa. Ga awon da ba ya bukatar kuɗi: yanki igiya daidai tsawonka, ninka ta biyu, zagaya ta a cikinka wajen cibiya. Idan bakin biyu ba su haɗu ba, akwai aiki a gabanka. Aikin kuwa shi ne duk abin da muka faɗa, da tafiya. Wanda aikinsa na zama ne, mai gadi, direba, ma'aikaciyar ofis, ya nemi rabin awa na tafiya da sauri sau biyar a mako. Sauka daga a-daidaita-sahu kafin ka iso, ka ƙarasa da ƙafa. Wataƙila bayan wata uku sikeli ya motsa kaɗan, wataƙila ya ƙi. Amma jini zai sauka, barci zai gyaru, za ka hau bene ba haki. Da yawa a nan suke karaya, su ce babu amfani tunda kilo bai ragu ba, alhali ribar ta riga ta shiga gida.

A zumuntar mata da ta maza kuma, a bar ba'a da jikin juna. Kalmar da kika yar da wasa a bakin majami'a, ita ce ke kai 'yar'uwarki kemis ran Litinin.

Jikin nan Littafi ya kira shi haikalin Ruhu Mai Tsarki, saye da tamani (1 Korantiyawa 6:19-20). Haikalin ne kake shiga da shi cikin ruwan jima mai sinadarin kuromiyam ba takalmin roba ba safar hannu, don wai suna sa zafi. Shi ne kake shaƙa wa ƙurar auduga da hayaƙin roba, takunkumi yana rataye a wuya. Sa kayan kariyarka. Wanke hannu kafin ka ci, kada ka kuma rungumi yaranka da kayan aiki a jikinka. 'Yan'uwanmu da Allah ya ɗaga suka zama shugabannin sashe ko manajoji, waɗanda ke ƙarƙashinku ma haikali ne, Kirista ko Musulmi. Ruwan sha kusa da inji, da izinin fita fitsari, da safar hannu da ba ta yage ba, suna cikin abin da Ubangiji zai tambaye ku.

Abin yi a wannan mako: Kafin Lahadi mai zuwa, je cibiyar lafiya ko kemis mai rajista a auna maka jini, da sukari idan da hali. Rubuta lambobin da kwanan wata a bangon wannan ɗan littafi. Kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki matarka, ko mijinki, ko wanda kuke tsayawa tare a gaban inji.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka aiko da gurasa da ruwa ga bawanka a jeji, dubi 'ya'yanka da ke shiga aiki da asuba da masu fitowa da asuba. Ka gafarta mini inda na wulakanta jikin da ka saya da jinin Ɗanka. Ka ba ni barci mai daɗi, ka sa albarka a tukunyar gidana. Ka cire mini tsoron awo da tsoron bakin mutane. Ka taɓa masu hawan jini da masu sukari a cikinmu, ka ba likitocinsu hikima. Ka tuna da dattijonmu da ke kwance, da matarsa, da ɗansa. Ka tsare hannuwanmu daga inji, ƙirjinmu daga ƙura. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.